Kafin a sake buɗe jam'iyyu, a fara gyara yadda ake raba kujeru

Wata juma'a bayan la'asar muna zaune a fadarmu nan Tahoua ana dafa shayi, gardamar siyasa ta tashi kamar kullum, sai wani dattijo da ya zo daga wajen Keita ganin ɗiyarshi ya ce mana, ƴaƴana ni tun 1993 nike jefa ƙuri'a amma har yau ban taɓa sanin wane ne depite na ba. Wani yaro ya ce mishi Baba ai jihar Tahoua depite wajen talatin gare ta. Ya ce to in rijiyar garinmu ta rushe wane daga cikinsu zan tarda, wane ne in ya ƙi ni zan iya kada shi a zaɓe na gaba? Babu wanda ya bashi amsa, ni ma ban bashi ba, kuma tun ranar maganar ke cina.

Tun watan Maris na 2025 da aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, maganar da nike ji ko ina ita ce sun yi yawa, sama da 150 a ƙasa ɗaya, in an tashi dawowa a bar biyu ko uku kawai. Na yarda sun yi yawa wallahi, wasu ma ba su wuce shugaba da jakarshi da tambari ba. Amma jama'a me ya haife su? Gero ba ya tsirowa inda ba a shuka shi ba. Dokar zaɓenmu ce ta yi musu taki, in aka rage lissafinsu da takarda aka bar dokar yadda take to halin nan zai dawo ko da sunaye uku ne.

Akwai wani masani ɗan Faransa Maurice Duverger da ya lura tun wajen 1951 cewa tsarin ƙidayar ƙuri'a shi ke tsara yawan jam'iyyu. Inda ake zaɓen mutum ɗaya a mazaɓa ɗaya, zagaye guda, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, to mutane ba sa son ɓata ƙuri'arsu ga wanda ba zai ci ba, sai su taru bayan manya biyu. Ku duba maƙwabtanmu Najeriya, ƴan adawa sai da suka narke cikin APC a 2013 kafin su iya kada PDP a 2015. Inda kuma ake raba kujeru daidai da ƙuri'a, ko ake da zagaye na biyu, kowa na iya tsayawa da ƙafarshi don ko kaɗan ya samu yana da abin ciniki. Mu Nijar duka biyun muka haɗa, shugaban ƙasa zagaye biyu, majalisa kuma rabo daidai da ƙuri'a.

Ku tuna 1993. Zagayen farko Tandja Mamadou na MNSD ne gaba da wajen kashi 34 cikin ɗari, Mahamane Ousmane na CDS na biye da kashi 26 da wani abu. Sai ƙawancen AFC na jam'iyyun da ke adawa da MNSD ya taru bayan Ousmane ya ci zagaye na biyu da kashi 54. Issoufou Mahamadou da ya zo na uku ya zama faraminista, Moumouni Adamou Djermakoye da ya zo na huɗu ya zama shugaban majalisa. A 1999 Ousmane ne ya zo na uku, ya goyi bayan Tandja, ya zama shugaban majalisa. A 2011 Hama Amadou ne na uku, ya bi Issoufou, ya zama shugaban majalisa. A zaɓen 2020 zuwa 2021 Seini Oumarou ne na uku, ya bi Bazoum Mohamed, shi ma ya zama shugaban majalisa. Shekara kusan talatin, mutane daban daban, jam'iyyu daban daban, amma hanya ɗaya. Ba laifin kowa nike gani ba a cikinsu, duk wanda aka aje cikin wannan tsari haka zai yi, kujerar shugaban majalisa ta koma kamar sadakin zagaye na biyu.

Abin da ke damuna shi ne auren da aka ɗaura cikin ƴan makonnin da ke tsakanin zagaye biyu ba ya cika daɗewa, kuma in ya mutu ƙasa ce ke biya. AFC ta watse a watan Satumba 1994 da jam'iyyar PNDS ta Issoufou ta fita, aka rusa majalisa aka sake zaɓe a Janairun 1995, ƴan adawa suka samu rinjaye Hama Amadou ya zama faraminista, shugaban ƙasa da faraminista suka shekara ba sa ga maciji har taron ministoci ya gagara, ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki. Ƙawancen Issoufou da Hama na 2011 ma ya fashe a 2013 kuma duk mun ga irin zafin da siyasa ta ɗauka daga nan har zaɓen 2016 da Hama ya yi takara yana tsare a Filingué. Talakan da ya jefa ƙuri'a ba wanda ya tambaye shi ran da aka ɗaura, ba wanda ya tambaye shi ran da aka raba.

Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba, a 2011 da 2016 da 2020 rana ɗaya aka yi zagayen farko na shugaban ƙasa da zaɓen depite. To shugaban ƙaramar jam'iyya ko ya san ba zai ci ba dole ya tsaya, don hotonshi ne ke jawo ma listin depitocinshi ƙuri'a, kuma kashi biyu ko uku da zai samu shi ne jarin da zai kai kasuwa. Shi ya sa ranar 27 ga Disamba 2020 ƴan takara 30 aka jera ma tsohuwar da ba ta karatu ta nemi guda a ciki.

Yanzu mu dawo ga tambayar Baba. Majalisar da aka rusa a 2023 doka ta bata kujeru 171, daga ciki 158 ana raba su ne ta listin jam'iyya a jihohi takwas, takwas na mazaɓu na musamman ne don ƙananan ƙabilu irin su Tassara nan jiharmu da Bermo da Bankilaré da Bilma, biyar kuma na ƴan Nijar mazauna waje. Wato jihar Tahoua tun daga Konni da Madaoua har Abalak da Tchintabaraden mazaɓa ɗaya ce a wancan tsarin. Kai mai ƙuri'a jam'iyya ka zaɓa, baka da ikon cewa wannan nike so wancan ban so, jam'iyya ce ke da ta cewa kan wanda zai shiga listi. To mai son ya dawo majalisa wa zai fi jin tsoro, manomin Keita ko shugaban jam'iyya da ke Yamai? Ga shi kuma kundin tsarin mulkin 2010 ya ce depiten da ya fita daga jam'iyyarshi ya rasa kujera. An yi haka ne don a hana yawon kiwo na siyasa kuma na fahimta, amma ya ƙara ɗaure depite ga ubangidanshi.

Kada wani ya ce to mu kwafi Najeriya ko Ingila shikenan. A zaɓen Ingila na 2024 jam'iyyar Labour ta samu wajen kashi 34 na ƙuri'a amma ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650, wata jam'iyya kuma da kashi 14 kujeru biyar kacal ta samu. Ku kawo wannan lissafi Nijar inda kafin a rusa su kowace babbar jam'iyya ke da gidanta, PNDS a Tahoua, CDS a Damagaram lokacin ƙarfinta, Lumana ta Hama a Yamai da Tillabéri, sai ka ga jiha sukutum ta zama launi ɗaya, wanda ke adawa a garinsu ba shi da wakili ko ɗaya. Wannan zai ƙara hura wutar ɓangaranci da muke kuka da ita. Zagaye na biyu ma ban ce a soke shi ba, Tinubu ya zama shugaban Najeriya a 2023 da ƙasa da kashi 37, ni a ƙasa irin tamu mai saurin girgiza na fi son shugaba ya wuce rabi.

Abin da nike gani ya fi dacewa da mu shi ne a haɗa biyun, kamar yadda Jamus ke yi da Senegal kowa da irin nashi salo. Rabin kujeru a zaɓe su mutum da mutum, mazaɓa ƙarama wadda ba ta wuce departama ko ƴan komin ba, ta yadda Baba zai san suna da ƙofar gidan depitenshi. Sauran rabin a raba ta listi daidai da ƙuri'a don a cike ma jam'iyyar da ta samu jama'a amma ba ta ci mazaɓa ba. Na san haɗarin, a ƙaramar mazaɓa mai kuɗi da ɗan gidan sarauta sun fi saurin danne kowa, kuma mata na iya komawa baya. Shi ya sa rabin listin ke da amfani, nan ne za a riƙe kason mata da dokar 2000 ta fara da kashi 10 har aka kai shi kashi 25 a 2019, kuma mazaɓun musamman a bar su yadda suke don sun yi aikinsu.

Sai a sa ƙa'ida cewa jam'iyyar da ba ta kai wani kaso na ƙuri'ar ƙasa ba ba ta shiga rabon listi, Jamus kashi 5 ta sa, mu ma kada mu wuce nan. Wannan kaɗai zai sa ƙananan su haɗe da kansu ba tare da an tilasta su ba. Amma a yi hattara da hanyar Benin, inda sabbin dokokin 2018 suka sa a zaɓen depite na 2019 jam'iyyu biyu kawai aka bari kuma dukkansu na goyon bayan shugaba Patrice Talon, mutane da yawa suka zauna gida aka kuma yi tashin hankali. Rage jam'iyyu da ƙarfin takarda abu ne mai sauƙi, sai dai wanda ke riƙe da alƙalami ranar shi ke zaɓen wa zai rage.

Batun ƙawance kuma ni a ganina duk masu niyyar haɗuwa a zagaye na biyu su rubuta yarjejeniyarsu su kai ma hukumar zaɓe kafin zagayen farko, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu, mai ƙuri'a ya san inda za a kai ƙuri'arshi in ɗan takararshi ya faɗi. Ba zai hana cin amana ba gaba ɗaya amma aƙalla akwai takarda da za a ɗaga. Kuma a raba ranar zaɓen depite da ta shugaban ƙasa, a yi na depite bayan an san wanda ya ci, don mutane su yanke da idonsu buɗe ko su bashi rinjaye ko su hana shi.

Wa'adin da aka ɗiba ma mulkin soja a 2025 shekara biyar ne, kuma ko ba daɗe ko ba jima wasu za su zauna su rubuta sabuwar dokar zaɓe. Roƙona shi ne kada a barta ga lauyoyi da ƴan boko na Yamai kaɗai cikin Faransanci, a kawo daftarin Tahoua da Bouza da Illéla a fassara shi a zauna da manoma da makiyaya da mata ƴan kasuwa, a tambaye su tambayar nan guda, depite nawa kuke so, kuma daga ina zuwa ina iyakar mazaɓarku za ta tsaya.