Algaitar Turawa a gindin darbejiya

Jiya bayan la'asar na ƙona data ta naira ɗari biyar a kan kiɗan Turawa, kuma ban yi da-na-sani ba. Masu shirin cewa Malam ya fara lalacewa, ku bari in kai aya tukuna.

Ɗan yayana da ke karatu a Amurka ne ya turo min bidiyon, wai ɗaliban sashen kiɗa na jami'arsu suka yi wasan ƙarshen zango. Sai da na je bayan firamare, inda sabis ke ɗan kamawa a ƙauyenmu, kafin ya sauka. Na dawo gindin darbejiya na kunna. Samari da 'yan mata ne sun kai hamsin, cikin baƙaƙen kaya, zaune kamar jinjirin wata, kowa da takarda a gabansa. Babu mawaƙi, babu mai goge. Busa ce zalla, sai ganguna a baya da fiyano guda. Na ɗauka badujala ce irin ta 'yan sanda ranar fareti, har wata yarinya ta ɗaga kilarinet, wata baƙar sarewa mai maɓallan azurfa. Ta faro daga can ƙasa, sautin yana karkarwa, sannan ta ja shi sama santal ba yankewa, kamar tsohuwa ta rangaɗa guɗa a gidan biki. Tsigar jikina ta tashi.

Baba mai algaita yana gefe yana tufkar igiya. Shi ya yi wa gidan hakimi busa tun ina wasan ƙasa, sai da haƙora suka zube ya ajiye. Ya miƙo hannu ya ce, “Malam, mayar da ita baya.” Sau uku muna mayarwa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Yarinyar nan tana da numfashi. Amma wa take kira?”

Na ce, “Baba, ba ta kiran kowa.”

“Busa babu mai ita?”

A wurinsa algaita magana take yi. Kowane basarake da takensa, kana daga gona ka ji ka san wanda ya hau. Busar da ba ta kiran sunan kowa, a ganinsa, kamar sallama ce a kango. Bai sauko ba sai da wani mai ƙaho ya toshe bakin ƙahonsa, sautin ya riƙa fitowa ta hanci, sauran suna amsa masa. Baba ya tuntsure da dariya ya ce, “Yauwa! Wannan kam habaici yake yi.”

Kunnensa bai yi ƙarya ba. Kiɗan da suka busa, Rhapsody in Blue, George Gershwin ne ya tsara shi, aka fara yin sa a New York a 1924, kuma daga jaz ya ɗebo gishirinsa. Shi kuwa jaz, baƙaƙen fatar New Orleans ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka haife shi a farkon ƙarni na 20. Bayarwa da amshi, da lanƙwasa sauti har ya yi kamar muryar mutum, duk ba baƙonmu ba ne. Bambancin kawai, ɗan jaz na asali yakan ƙirƙiro a nan take, waɗannan ɗalibai kuwa abin da aka rubuta suke bi. Ni ma a nan na ɗan rage musu maki, don sun fi kallon takarda da sandar shugabansu a kan kallon juna.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Can, busa darasi ce, da malamai, da jarrabawa, da digiri. Nan, 'ya'yan Baba maza huɗu babu wanda ya taɓa algaitar. Babban yana tuƙa adaidaita a Kano, kuma ba ya son a ce masa ɗan maroƙa. Ranar hawan sallah duk mu muke tururuwa mu ji kakaki da algaita, washegari mabushin ya nemi auren 'yarmu mu ce ba sa'armu ba ne. Har da ni a masu laifin, ba na cire kaina.

Kuma baƙi sun riga mu ganin darajar abin. Yusef Lateef, Musulmi ne ɗan Amurka, gwanin busar jaz, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin kaɗe-kaɗenmu, har da sarewar Fulani. Louis Armstrong ma, shahararren mai busa ƙahon jaz na Amurka, da ya zo Nijeriya a 1960, Sardauna ya karɓe shi a Kaduna. Wanda ke ƙyamar kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, na girmama shi, ba da shi nake ba. Da mu nake, masu jin daɗin busar muna raina mai ita.

Da aka kira magariba Baba ya naɗe igiyarsa ya ce zai jiƙa bakin algaitar, ya kwana biyu a bushe. Wai ranar Juma'a in zo da waya cike da caji in ɗauka, ko da rabin take ne, a tura wa yaron ya nuna wa yarinyar.