Tsoho ba otal yake nema ba

Wai har yanzu ana ta yabon ginin gidan kula da tsofaffin nan da hotunansa suka cika Facebook tun jiya? Tayil fari, bango fari, ƙofofi iri ɗaya sak a jere a doguwar baranda, ko'ina sai ƙyalli. Sannu injiniya, ka burge masu danna layik. To kakar da mantuwa ta fara kamawa fa, ta yaya za ta gane ƙofarta?

Tsoho ba da lamba yake gane ɗakinsa ba, da kayansa yake ganewa. Kujerarsa da ta lotsa, agogon bangon da ya shekara 40 yana kallo, tagar da rana ke leƙowa da safe. Ka kwashe su ka ce gyara ka yi masa, wallahi ɓatar da shi ka yi. Da idona na gani, da aka sabunta ɗakin kakata aka fitar da abin da suka kira tarkace, kwana da kwanaki tana tambayar yaushe za a mai da ita gida alhali a kan gadonta take zaune, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kar wani ya zo min da zancen tsafta. Mai ciwon mantuwa in ya ga ƙasa tana sheƙi ruwa yake zato sai ya ƙi takawa, baƙin kafet kuma rami yake gani, farin masai a cikin farin tayil ba ya ma ganinsa. Tsaftar me?

A Holan akwai Hogeweyk, wata unguwa da aka gina wa masu ciwon mantuwa a garin Weesp, tun 2009, ƙananan gidaje ne na mutum shida ko bakwai, da titi da kanti da wurin aski, ma'aikata ma kayan gida suke sawa, don kawai tsoho ya ji a unguwa yake. Na san za ku ce ai su masu kuɗi ne. Fentin ƙofa kala daban da hoton mai ɗakin na lokacin ƙuruciya, wannan ma sai mai kuɗi? Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce masu ciwon nan sun haura miliyan 55 a duniya, mu kuma muna nan muna yabon tayil.

Af, masu ɗaukar bidiyon kakanninsu in sun rikice suna ɗorawa a TikTok don dariya, ku ma ina nan tafe kanku.