Rigakafin sankarar bakin mahaifa: a kai allurar Islamiyya ma

Tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta sa allurar HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allura ɗaya ce, rabin mililita a damtse, domin a 2022 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince guda ɗaya ta wadatar. Tana kare yarinya daga nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar cutar, masu haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, wadda ta kashe mata wajen 8,000 a ƙasar a 2020.

Makaranta ita ce wuri mafi sauƙi: ga rajista, ga yara a jere. Amma a Arewa yarinyar da ke talla da safe ba ta cikin rajistar firamare. Da yamma kuwa za ka same ta a Islamiyya, don haka jami'an lafiya su tsara fita ta biyu bayan la'asar, da sanin malama da mai unguwa.

Sai batun iyaye. Wanda ya tuna gwajin Trovan, maganin sanƙarau da aka gwada a kan yara a Kano a 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ba zai yi mamakin uban da ya ce "me ya sa mata kaɗai?" ba. Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa: su ne masu mahaifa, allurar kuma ta fi aiki kafin jiki ya haɗu da ƙwayar, wato tun kafin aure. Ba ta hana haihuwa. A faɗi wannan a taron iyaye mako guda kafin ranar, ba a bakin ƙofa da akwatin allura a hannu ba.

Abin da kan ɓata aiki ƙanana ne. Ana ajiye allurar a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius. Idan ta daskare ta lalace, ko da kwalbar ta yi kyau a ido, saboda haka a bar ƙanƙara ta fara narkewa kafin a jera ta a akwati. A yi wa yarinya a zaune, bayan ta ci abinci, ta ƙara minti 15 a inuwa. Ɗaliba ɗaya ta suma don tsoro a tsakar rana, kafin magariba labarin ya zaga WhatsApp, gobe aji ya watse.