Kafin ku auna fitila, ku tambayi mai tsire

Jama'ar Damagaram, yau kan fitilun titi zan yi magana, kuma da ɗalibanmu masu bincike nake, musamman na Jami'ar André Salifou.

In aka ce a yi nazarin haske, abin da aka saba shi ne a ɗauko na'ura, a tsaya gindin falwaya, a rubuta lamba. Luks ake ce wa ma'aunin. Farin watan daren sha huɗu bai kai luks 1 ba, teburin ofis kuwa ƙa'idar Turai ta ce 500. Ban raina wannan ba. Sai dai na'ura ba ta san wa ke zaune a wurin ba.

Rannan na tsaya gun wani dattijo mai tsire wajen kasuwar Dole. Ga farar fitila mai aiki da hasken rana bisa kansa, amma ya rataya ɗan jan ƙwan lantarki daidai kan nama. Na ce, "Baba, wannan ba asarar batir ba ce?" Ya juya tsinke, ya ce, "Yaro, farar nan kashe nama take. Tsire ya fito fari fat kamar ya kwana, mai saye ya leƙa ya wuce." Injiniya zai ce bambancin launin haske ne, wanda ake aunawa da kelbin, farar 6500, jan 2700, kuma gaskiyarsa. Amma wa zai gaya masa ciniki ke tafiya?

Da damina, mai awara janye tirenta take daga fitilar, don farin haske ya fi jan ƙwari. Ƙanwata kuwa ta ce ta gwammace lungu mai duhu a unguwar Birni da ta ratsa gaban fadar samari mai haske tar, ido ashirin a kanta. Wannan ta girgiza ni, don ni a tunanina haske shi ne tsaro.

Irin wannan sani sai da zama. Ka raka mutum hanyarsa bayan isha'i, ya nuna maka inda yake ɗaga ƙafa. Ka lura, ka rubuta, ka koma dare na biyu. Mata kuma mace ta zauna da su daban, don a gaban maza "lafiya lau" kawai za ka samu.

Na san za a ce mutum goma sha biyar da aka yi hira da su ba su ne gari ba. Haka ne, hira ba ta ba da kashi cikin ɗari. Abin da take bayarwa shi ne inda ya kamata a kai na'urar, da tambayar da ta cancanci shiga takarda. Ni dai da ni ke duba kundin ɗalibi, sai na tambaye shi dare nawa ya yi a unguwar Zango kafin in buɗe shafin lambobinsa.