Haramci ba ya buƙatar a yi masa ƙarin gishiri

Wannan bidiyon da kuke ta turo mini tun jiya, na gani, ku huta haka. Mutum ya ɗaga kwalbar jan giyar Faransa gaban kyamara, ya rantse cewa jinin alade ne ya ba ta launi, wai kuma gaurayen da aka rubuta a jikinta na nufin an zuba sinadarin haukata mutane. Dubban mutane suna ta kabbara a ƙasa. Sannu malam masani!

Giya haramun ce, ba na sha, ba na kuma kiran kowa ya sha. Amma ƙarya ƙarya ce, ko a kan giya aka yi ta.

Launin nan daga ɓawon inabi yake fitowa. Ka matse baƙin inabi, ruwan da zai fito kusan fari ne. Sai an bar ruwan tare da ɓawon da 'ya'yan a cikin tanki na kwanaki, yis yana cinye suga yana mayar da shi barasa, sannan ja ya fita daga ɓawon ya rina ruwan, baurin ma daga nan yake. Barasar da ke kaiwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari daga sugan inabin take. Ina aladen yake a nan?

Gaurayen kuma na irin inabi ne. A yankin Bordo, kudu maso yammacin Faransa, manoman gefen hagu na kogi, inda ƙasa tsakuwa ce, sun fi shuka Cabernet Sauvignon: ɓawonsa da kauri, ga bauri, ba ya nuna da wuri. Gefen dama, wajen Saint-Émilion da Pomerol, ƙasar yumɓu ce, can Merlot ya fi yawa, mai laushi, mai saurin nuna. Kowane iri a tankinsa ake tsima shi, a ajiye a gangar katako mai cin lita 225 har shekara ɗaya ko fiye, masu ɗanɗano su zauna su yanke nawa za a ɗiba daga wannan, nawa daga wancan, wani lokaci a ɗan ƙara Cabernet Franc ko Petit Verdot. Ɗaya ya ba da ƙarfi, ɗaya ya sassauta. Kuma dabarar noma ce tun asali, irin ta manominmu da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya: in ruwan ƙarshen kaka ya lalata wanda bai nuna ba, wanda aka riga aka girbe ya rufa asiri. A Châteauneuf-du-Pape ma, wani yankin inabi a kudancin Faransa, doka ta yarda a haɗa har iri 13.

Na san wani zai zo ya ce ai ya karanta ana sa jini. Eh, a da wasu kan yi amfani da busasshen jinin shanu wajen tace gurɓin giya, kamar yadda har yau ake yi da farin ƙwai ko jelatin, wanda akan samu daga fatar alade. Tarayyar Turai ta hana jinin a 1997, lokacin cutar haukan shanu. Tacewa ce, abin yana kwantawa ƙasa a zubar, ba shi ke rina komai ba. Da mai bidiyon ya faɗi haka, da ban ce uffan ba.

Abin da ke damuna da gaske shi ne yaranmu da ke karatu a waje. Yaro ya tafi da wannan labarin a kansa, ya ga yadda ake yi da idonsa, ya gane an yi masa ƙarya, gobe ya fara shakkar sauran abin da ka gaya masa, har da na gaskiyar. Kai ka jawo. Ayar da ta hana giya ba ta ce don launinta ba, maye ne dalili, kuma ya isa.

Tunda ma zancen kwalba ake, ku da kuke jera "wain marar giya" a teburin biki kuna fasawa ana shewa, ku riƙa juya bayan kwalbar kuna karantawa. Wata ruwan inabi ce zalla da gas, wata kuwa giya ce aka yi ta cikakkiya sannan aka zare barasar, har an rubuta 0.5% da ƙananan baƙaƙe. Ku kai wa malamanku wannan tambayar, ni ban iya fatawa ba.