Ciyamomi da kansiloli, ina kason yaran unguwa a kuɗin ƙaramar hukuma?

Assalamu alaikum jama'a. Yau da ciyamomi da kansiloli nake, kuma don Allah wanda zai shigo mana da rigimar jam'iyya ya yi haƙuri ya ajiye ta tukunna, saboda a gidan ɗan kowace jam'iyya akwai yaron da ake turawa ɗaki a rufe idan baƙi sun zo, don kar a ga yadda idonsa ya koma.

Tambayata ɗaya ce. A cikin kuɗin da ke shigo wa ƙaramar hukuma duk wata, nawa ake warewa don a hana yaran unguwa faɗawa shaye-shaye? Ba kamu nake nufi ba, kamu akwai masu yinsa, NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na nan tun 1989, ƴan sanda na nan, Hisbah ma na nan. Ina nufin a tare yaro tun yana ɗan shekara 12, 13, tun kafin ya fara shaƙar sholisho a bayan makaranta, da kuma a riƙe hannun wanda ya riga ya faɗa yake neman fita. Ni dai a tamu ƙaramar hukumar, mun rubuta takarda da sunan kwamitin unguwa, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa hannu, aka karɓa aka buga mata hatimi aka ce mu saurara, har yau sauraren muke.

Kuma fa girman abin ba ɓoyayye ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, tsakanin ƴan shekara 15 zuwa 64. Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya, kashi 16 cikin ɗari. Kuma a duk mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wannan na 2018 ne fa, kafin a shiga wannan matsin da ake ciki yanzu. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken nan da BBC ta yi, kowa ya yi ta murna, toh kodin ɗin ya yi tsada, yara suka koma tiramol da roci da eksol da diyazafam, wanda ba shi da kuɗi ya tsaya a wiwi da sholisho da madarar sukudaye. An matsa wa masu sayar da magani na Sabon Garin Kano suka koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, wannan ma abu ne mai kyau, amma dilan da ke kangon bayan layinmu ba a Sabon Gari yake da shago ba, a aljihu kayansa suke.

Yanzu wa ke yin aikin? Mu ne. Ƴan kwamitin unguwa da ke bi gida-gida suna karɓar ɗari biyu, ɗari biyar, wani ya bayar wani ya ce a dawo gobe, da wannan ake sayen batirin tocila da shayin ƴan sintiri. Matasa ne masu iyali, da safe suna kasuwa ko suna kan adaidaita, da dare suna yawo da gora a lungu, babu albashi, babu kowa a bayansu idan aka sare su. Kuma ana saran nasu. Su kama yaro da ƙwaya su kai shi ofishin ƴan sanda, kafin su dawo gida an yi belinsa, washegari ya tsaya a bakin layi yana nuna ƙofar gidan wanda ya kama shi. Liman ya yi huɗuba, mai unguwa ya kira iyaye, uwa ta sayar da akuyarta da ɗan kunnenta ta kai ɗanta wajen magani, duk wannan daga aljihun talaka yake fita, hukumar da ta fi kowace kusa da mu kuma tana kallo kamar ba a ƙasarta abin ke faruwa ba.

Zan faɗi wata gaskiya a kan namu ɓangaren ma. Kwamitin da ba shi da horo ba shi da kayan aiki, duka kawai ya iya. A kama yaro a zane shi a aske masa kai a ɗauki bidiyo a watsa, wlh wannan ba ya raba kowa da ƙwaya, sai dai ya ƙara masa taurin zuciya ya koma daba gaba ɗaya, gobe shi ne mai ƙwacen waya. Mutanen nan niyyarsu mai kyau ce, abin da suka rasa shi ne wanda zai koya musu yadda ake magana da mai shaye-shaye, da wurin da za su miƙa shi in ya ce ya gaji yana so ya daina. Kun tuna 2019 da aka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayan nan aka fasa wasu a Daura da wasu garuruwan? Kowa ya zagi iyayen da suka kai ƴaƴansu. Ni ban goyi bayan abin da aka yi a gidajen nan ba ko kaɗan, amma a tambaya mana, ina aka tanadar wa uwar da ɗanta ke fasa mata kwanuka yana zare mata wuƙa ta kai shi? Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ɗaya zai ɗauki ƙananan hukumomi 44 na Kano? An rufe gidajen mari ba a buɗe komai a madadinsu ba a matakin unguwa.

Na san amsar da ranka ya daɗe ciyaman zai bayar, zai ce kuɗin ba a hannunmu yake ba, yana sama. Kuma akwai gaskiya a ciki, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya daɗe yana shaƙe su. Amma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ta ce kantomomin riƙo ba sa bisa doka. Aiwatarwa na ta jan ƙafa, wannan kowa ya gani, amma kason ƙananan hukumomi a asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Mu ne muke biyan wannan ƙarin a gidan mai da kasuwa. Sannan ko a yanzu da ake cewa babu kuɗi, ai muna gani ana samun na shinkafar azumi da ta sallah, ana samun na baburan magoya baya, ana samun na naɗa mataimaka na musamman rututu waɗanda ko kujerar zama ba su da ita a sakatariya. Idan aka samu na wannan, to a daina ce mana babu na yaranmu.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Tsarin mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota da kula da shaguna da kes-kes a hannun ƙaramar hukuma, ya ba ta hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Toh ina ake sayar da ƙwayar? A tasha, a bayan kasuwa, a ƙaramin kes ɗin da ke sayar da alawa da rana. Ina yaro ke fara koya? A hanyar firamare da ƙaramar sakandare. Ƙaramar hukuma na turo masu rasit su karɓi haraji a waɗannan wuraren duk mako, ashe ta san hanyar wurin.

Abin da nake so a gani a kasafin kuɗi shi ne layi guda da sunansa ƙarara, rigakafin shaye-shaye a mazaɓu, da adadin kuɗinsa, a raba shi mazaɓa-mazaɓa. Kano na da mazaɓu 484, kowacce da kansilanta. Kuma kuɗin ya tafi kan abin da ido zai gani. Na farko a wurina shi ne a samu mutum ɗaya a asibitin sha-ka-tafi na kowace mazaɓa wanda aka horar kan ba da shawara ga masu shaye-shaye, ma'aikatan lafiyar ai suna nan, horo ne da ɗan alawus da ɗaki mai ƙofa inda yaro zai yi magana ba tare da duk layi sun ji ba. A samu mace a cikinsu dole, domin matan aure da ƴan mata da ke shan sirof a ɗaki ba za su taɓa zuwa gaban kwamitin maza su faɗi damuwarsu ba, wasu kishi ne da baƙin cikin gidan miji ya kai su, wasu a gidan biki ƙawaye suka koya musu, kuma su ne aka fi mantawa da su saboda ba sa tare hanya da wuƙa. Wanda abinsa ya yi nisa har ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙaramar hukuma ta ɗauki kuɗin mota da na maganin watannin farko zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, duk wanda ya fi kusa, saboda da yawa a kuɗin magani suke yankewa su koma ruwa.

Sai fili. Don Allah a bar mana filayen ƙwallo. Duk filin da muka taso muna buga ƙwallo a ciki yau an yanka shi shaguna ko fuloti, har na makarantu ba a bari ba, yaro ya taso daga makaranta ƙarfe biyu ba shi da inda za shi sai bakin kwata da kango. Kocin unguwa da ke tara yara arba'in duk yamma yana saya musu ƙwallo da kuɗinsa ya fi taron wayar da kai goma amfani, a ba shi alawus, a saya masa raga da riguna, a sa gasar mazaɓu duk hutu. A ƙasar Aisland haka suka yi, hukumar birnin Reykjavik na ba iyaye tallafin kuɗin wasanni da koyon fasaha na kowane yaro duk shekara, aka haɗa da sa idon iyaye da dokar hana yara yawon dare, yawan ƴan shekara 15 da 16 da ke buguwa da giya ya sauko daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Ba mu da kuɗinsu, yawanmu ma ba ɗaya ba, amma filin ƙasa da ƙwallo da koci ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Kangwaye kuma, ƙaramar hukuma ta rubuta wa masu su, ko ka gina ko ka toshe ƙofa ko a ci ka tara. A sa fitila mai sola a lungunan da kowa ya san nan ne matattara. Koyon sana'a ma a daina na kwana uku da ake raba satifiket da keken ɗinki a ɗauki hoto, washegari keken na kasuwa an sayar. A biya kafinta ko mai walda ko mai gyaran waya na cikin unguwar ya riƙe yaro shekara guda, a riƙa biyansa wata-wata muddin yaron na zuwa, kwamiti na leƙawa.

Abin da ba na so shi ne a ware kuɗin a cinye shi a ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, a buga riguna da huluna da bana mai hoton ciyaman, a kama ɗakin taro a otal, a kira waɗanda ko sigari ba su taɓa riƙewa ba a yi musu lacca a raba musu kuɗin mota. Yaron da ake magana a kansa yana kango ko labari bai ji ba. Kuma ina jin tsoron abu ɗaya, kuɗi na shiga kwamitin unguwa rigima ta shiga, waɗanda suka yi shekaru suna aikin don Allah a ture su a kawo yaran Honarabul. Shi ya sa nake ganin kar a danƙa tsabar kuɗi a hannun kowa, a biya koci kai tsaye, a biya mai sana'a kai tsaye, a biya asibiti kai tsaye, kwamitin da ke sa ido ya ƙunshi mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya da uwa ɗaya aƙalla da matashin da ya taɓa sha ya daina, sannan duk wata uku a liƙa lissafin a ƙofar gidan dagaci kowa ya karanta.

Akwai kuma dalilin da ya sa wasu ƴan siyasa ba za su so wannan ba, mu daina ɓoye-ɓoye. Lokacin kamfe su waye ke cika motoci da makamai suna ihu a gaban ayari? Wa ke ba su kuɗin da suke sayen abin da suke sha kafin a fita? Duk wanda ya taɓa ganin ayarin kamfe ya wuce ta layinsu ya san amsa. A Kano har gwajin ƙwaya aka yi wa ƴan takarar ƙananan hukumomi kafin zaɓe, toh madalla, amma ɗan takarar da jininsa ya fita tas alhali yana ciyar da yara hamsin da ƙwaya don su yi masa rakiya, me gwajin ya gano a kansa? In an ci zaɓe a watsar da yaran, su dawo kanmu da wayoyinmu da ƴaƴanmu mata masu zuwa islamiyya.

Don haka ƴan uwa masu kwamiti a kowace unguwa, kar mu tsaya jiran a tuna da mu. Wajen ƙarshen shekara ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, kafin lokacin kowace mazaɓa ta zauna ta rubuta abin da take buƙata da kuɗinsa dalla-dalla, fili kaza, koci kaza, ma'aikaciyar lafiya, fitilu a lungu kaza, a kai wa kansila kwafi, a kai wa ciyaman kwafi, a kai wa hakimi kwafi, a riƙe wanda aka buga wa hatimi. Kansila shi ke zama a majalisar da ke amincewa da kasafin, a unguwa yake kwana, a masallacinmu yake sallah, a tambaye shi cikin mutunci duk Juma'a ina maganar ta kwana. Masu neman kujera a zaɓe mai zuwa kuma in sun zo gaisuwa da neman albarka, a miƙa musu takardar su sa hannu a gaban mai unguwa tun kafin su zauna a tabarma. Mu a tamu mazaɓar mun fara tattara sunayen kangwaye da filayen da suka rage, wanda yake son tsarin takardar da muka yi ya yi magana in tura masa.