Gwanjon kalmomi a Google: ƙaramin ɗan kasuwa na biyan kuɗin waɗanda ba su zo saye ba

Abin da ake yi wa ƙananan 'yan kasuwa a tallan binciken Google ya isa haka. Ana ce musu ba za su biya ko kwabo ba sai an danna tallansu, sai su ɗauka sun samu garaɓasa. Ba a gaya musu cewa dannawa daban, ciniki daban, kuma yawancin saitunan da za su tarar a kunne kashe kuɗi suke ƙarawa.

Duk sanda wani ya rubuta abu a akwatin bincike, nan take ake buɗe gwanjo. Kowane mai talla yana da tayinsa, wato mafi yawan abin da ya yarda ya biya kan dannawa ɗaya, sannan a auna ingancin tallansa: yiwuwar a danna shi, dacewarsa da abin da aka nema, da kyan shafin da yake kai mutum. Makin ingancin da ake nuna maka daga 1 ne zuwa 10. A sauƙaƙe, wanda ya taya naira 200 da maki 8 zai iya hawa kan wanda ya taya 300 da maki 4, ya kuma biya ƙasa da tayinsa. A takarda wannan adalci ne. A aikace, babban kamfani mai shafi mai saurin buɗewa da ma'aikatan da ba su da aiki sai wannan shi ke kwashe makin. Mai shago ɗaya a kasuwar Sabon Gari, wanda shafinsa ke jan ƙafa a waya, shi ke biya da tsada don ya zauna a ƙasa.

Inda jinin yake zuba sosai shi ne daidaita kalma, wato yadda Google ke haɗa kalmar da mai talla ya zaɓa da abin da mutum ya rubuta. Hanya uku ce: mai faɗi, ta jimla, da ta daidai-wa-daida. A ɗauki mai sayar da batirin sola a Kano. Idan ya bar kalmarsa a mai faɗi, tallansa zai iya fitowa ga ɗalibin da ke neman yadda batir yake aiki, da mai neman aikin haɗa sola, da mai neman gyaran tsohon batirinsa. Kowannensu ya danna, an cire wa mai batirin kuɗi. To ya koma daidai-wa-daida mana? Ita ma an huda ta. Tun 2014 aka tilasta haɗa kalmomi makusanta, irin su tilo da jam'i, a 2018 kuma aka faɗaɗa ta har ta ɗauki duk abin da na'ura ta ga ma'anarsu ɗaya. Sunan ya rage, ƙofar kuwa a buɗe take.

Maganin da ya saura shi ne ka duba rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta, ka toshe marasa amfani irin su kyauta, aiki, gyara, koyo. A Satumban 2020 Google ya rage wannan rahoto, ya daina nuna kalmomin da ya ce ba mutane da yawa ne suka neme su ba. Ka biya kuɗin dannawar, amma ba za a nuna maka abin da ka saya ba! Wane ɗan kasuwa ne a Kwari zai yarda a ba shi rasit an shafe wasu layuka? Ga wani ƙarin rashin adalci: kalmar toshewa ba ta kama duk makusantanta. Ka toshe tilo, jam'i ya wuce, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Sai kasafin rana, wanda ba iyaka ba ne kamar yadda sunansa ya nuna. Ka sa naira 10,000, ana iya kashe 20,000 a yini guda. Alƙawarin kawai shi ne kuɗin wata ba zai haura ninki 30.4 na kasafin rana ba, wato 304,000. A Najeriya tun Afrilun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5, ƙarin 22,800 ke nan. Idan dannawa tana kan 200, mutum ɗaya cikin hamsin kuma ya saya, kowane mai saye ya ci maka 10,000 kafin haraji. Wanda ribarsa a kan kaya 6,000 ce, kullum ya yi ciniki asara ya yi, allon asusunsa na Google kuwa yana ta nuna masa alƙaluma suna hawa.

Kada wani ya ce kasuwa ce kaɗai ke yanke farashi. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, Jerry Dischler, babban jami'in sashen talla, ya amsa a kotu cewa kamfanin kan taɓa tsarin gwanjon ta yadda farashi ke tashi, ba tare da an sanar da masu talla ba. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi kaka-gida a kasuwar bincike ba bisa doka ba. Mai gwanjon shi ne mai filin, shi ne mai ma'aunin.

Wanda ya zama dole ya shiga, ya fara da kashe abubuwan da ya tarar a kunne. A cire alamar shafukan abokan hulɗar Google, wato wasu shafuka da ke nuna tallansa, da ta tallan hotuna daga kamfen ɗin bincike. A sauya saitin wuri daga masu sha'awar garin zuwa waɗanda ke cikinsa, in ba haka ba mai zaune a Landan zai cinye kuɗin da aka ware wa Kano. A tabbatar saitin da ke barin Google ya aiwatar da shawarwarinsa kai-tsaye a kashe yake. A sa wa dannawa rufin farashi, kada a bar na'urar Google ta riƙa yanke tayi da kanta sai an haɗa abin ƙirga kiran waya da saƙon WhatsApp, domin na'urar da ba ta ganin ciniki dannawa kawai za ta riƙa tara maka. Nau'in kuɗin asusu kuma a zaɓe shi da lura tun ranar farko, don ba ya sauyuwa sai an buɗe sabon asusu.